Ruwan Kubanni a Gora

Baba Yahuza ba malami ba ne.
Shekara talatin ya yi a asibitin Shika
yana riƙe masu fisge-fisge,
har ya gane igiya ba ta ɗaure zuciya.
Da ya ajiye aiki, sai ya shimfiɗa tabarma biyu
bayan garejin Mati a Tudun Wada,
ya ce mai zafin kai ya zo bayan la'asar.

Mu dai shayi ya kai mu.
Ni, da Ilu Gwaska,
da wani da ba zan kira sunansa ba
don mahaifiyarsa tana da rai.

Ya ɗebo ruwan Kubanni a gorar roba,
ya girgiza, ya dire a gabanmu.
Ku zuba ido, in ji shi, kada wanda ya taɓa.
Ilu ya ce tsoho ya zare.
Muka sheƙe.
Ruwan ja wur, kamar idona da safe.

Kafin a kira magariba
laka ta kwanta da kanta,
ana hango tsakuwa a gindin gora.
Ya ce, wa ya tace shi?
Muka yi shiru.
Ya ce, to, wannan shirun nake nema.

Ja numfashi, ƙirga huɗu.
Riƙe shi kamar kuɗin aike.
Sake shi, ƙirga shida,
a hankali, yadda ake sauke tulu.
In tunani ya zo, kada ka kore shi,
kada kuma ka ba shi kujera.
Mai tasbihi ya ja abinsa da yatsu.
Wanda bai iya ba ya ƙirga sauti:
guduma, Keke Napep, kukan akuya,
mai rake yana rantsuwa,
bugun ƙirjinka na biyar.

Ranar farko ban kai minti biyu ba.
Ƙafa ta yi tsami,
kwalbar maganin tari tana kirana daga aljihu,
fuskar matar da na fisge wa waya a PZ
ta zo ta zauna kusa da ni.
Ashe hayaniyar nan da nake bi
gudun wannan fuska nake yi.

Ya ce, ina fushin yake zama?
Na ce a zuciya.
Ya ce ƙarya, nuna da yatsa.
Na laluba. Muƙamuƙi ne. Sai tafin hannun dama,
daidai inda ƙotar wuƙa take kwana.

Wata uku bayan nan, ƙarƙashin gadar Kwangila,
wani ɗan acaɓa ya taka ni, ya haɗa da zagin uwa.
Muƙamuƙi ya ɗaure.
Hannu ya san hanya, ya tafi ƙugu.
Ɗaya.
Biyu.
Warin fetur, ƙamshin masara a wuta.
Uku.
Na ga hularsa ta yage a gefe,
na ga yaro ne, bai fi ƙanena ba.
Huɗu.

Ya tafi da zaginsa.
Na tafi da hannuna.

Ba zan ce maka kowa ya tsira ba.
Ilu yana gidan yari a Ƙofar Doka,
wanda ban kira sunansa ba yana ƙarƙashin ƙasa,
kuma zama ba ya sayen garin tuwo.
Baba ya san haka.
Shi ya roƙi Mati ya ba ni sifana.

Jiya na kai wa Ilu ƙuli-ƙuli da sabulu.
Ta bayan waya ya ce,
in dare ya yi, ɗaki ya cika da tari,
yana ƙirga huɗu, yana ƙirga shida.
Ya ce, gorar nan tana nan?

Tana nan, na ce.
Kullum sai wani sabon yaro ya girgiza ta.